Maganin Wanda Aka Kwantar: Ya Dace Ya Bar Ƙarƙashin Gado

Idan aka kwantar da mutum a asibitin karkara, abu na farko da ake miƙa wa mai jinyarsa shi ne takardar magani. Zai je ɗakin magani a ba shi abin da ake da shi, sauran kuma ya fita bakin titi ya nemo a kemis. Sai ya dawo da baƙar leda cike da ƙwayoyi da kwalaben allura da ruwan ƙari na kwana biyar ko bakwai, a tura ƙarƙashin gado kusa da buta da kwanon abinci. In lokacin shan magani ya yi, nas ta zo ta ce a fito da leda. Mutanen Kunci da Shuwaki a jihar Kano, da maƙwabtansu na Bichi da Tsanyawa da Makoɗa, sun saba da haka har ba a tunanin akwai wata hanya. Akwai ta kuwa, kuma ta haura shekara hamsin ana aiki da ita a duniya. Ra'ayina shi ne, duk da ana yi mata kallon tsarin asibitocin masu hali, manomin karkara ne ya fi kowa buƙatarta.

Tsarin da ake magana a kai ana iya kiransa ƙunshi ɗaya, sha ɗaya. Bayan likita ya yi zagaye ya rubuta magani a fayil, takardar na zuwa wurin mai harhaɗa magunguna, ya duba ko adadin ya dace da shekaru da nauyin maras lafiya, ko akwai magani biyu da ba sa haɗuwa. Daga nan ya ware abin da za a sha ko a yi allurarsa sau ɗaya, ya sa a ƙaramin ƙunshi mai ɗauke da sunan magani da ƙarfinsa da ranar lalacewarsa. A tara ƙunshin da zai ishi mutum awa 24 kawai a wata aljihun akwati mai sunansa da lambar gadonsa, a kai ɗakin kwanciya. Nas ta ba da kowane a lokacinsa ta sa hannu. Washegari a dawo da akwatin, mai harhaɗa magani ya ga abin da aka sha da wanda ya rage, ya tambayi dalili, sannan ya sake cikawa bisa sabon umarnin likita. Manomi ya san hikimar: maigida ba ya buɗe rumbu ya zube hatsin shekara a tsakar gida, awon kullum yake fitarwa, shi ya sa yake sanin abin da aka ci da abin da ya saura.

A Amurka aka faro tsarin, kuma bincike ne ya haife shi. A 1962 Kenneth Barker da Warren McConnell suka wallafa sakamakon wani nazari da aka yi ta hanyar bin ma'aikatan jinya ana kallon yadda suke ba da magani, aka gano kurakuran da ke faruwa sun ninka waɗanda ake kai rahotonsu nesa ba kusa ba. Cikin shekarun 1960 asibitocin jami'o'in Arkansas da Iowa da Kentucky suka gwada raba magani sha ɗaya-ɗaya, kurakurai suka ragu, daga baya ya zama abin da aka saba a asibitocin ƙasar. Wasu manyan asibitocin koyarwa na Najeriya ma sun ɗauka. Matsalar da ake son magancewa ba ƙarama ba ce: a 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran magani na jawo wa duniya asarar dala biliyan 42 a kowace shekara, ta kuma ƙaddamar da yunƙurin rage mummunar illarsu da rabi cikin shekara biyar.

Domin ganin yadda abin ya shafi Kunci, a dubi ɗakin yara a watannin Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke cika gadaje. Yaron da zazzaɓi ya yi wa tsanani ana yi masa allurar artesunate da zarar an karɓe shi, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Adadin da nauyi ake lissafa shi: miligiram 3 ga kowane kilo idan yaro bai kai kilo 20 ba, miligiram 2.4 idan ya kai. Garin maganin kuma da an haɗa shi da ruwa ba ya jira, dole a yi amfani da shi nan take. Nas ɗaya da ke tsaye kan yara masu yawa cikin dare, tana lalube a leda daban-daban da fitilar waya, tana lissafi a ka, ko ta kai ƙwarewar duniya tana iya kuskure. In kuwa an yi lissafin da rana a ɗakin magani, an rubuta a jikin ƙunshin kowane yaro, to mutum biyu ne suka duba kafin allura ta shiga jiki. Nan ne babban amfanin tsarin yake: akwai wanda ya rubuta, akwai wanda ya duba, akwai wanda ya bayar, kowa kuma ya bar sa hannunsa.

Sai batun kuɗi, wanda shi ya fi ci wa iyalai tuwo a ƙwarya. Jinya takan zo a tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, amfanin gona bai iso ba. Mutum ya sayar da akuya ya sayi maganin mako guda, bayan kwana biyu sakamakon gwaji ya fito likita ya sauya magani, ko a tura maras lafiya Kano, asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ko kuma rai ya yi halinsa. Kemis ba ya karɓar abin da ya riga ya sayar. Ragowar sai ta tafi gida, a ajiye a kan katanga ko cikin kwalla, wata rana a bai wa wani da ciwonsa ya yi kama. In maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wannan shan rabi-rabi yana koya wa cuta jure magani. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai, mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ke kan gaba wajen yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. A tsarin sha ɗaya-ɗaya, abin da ya shiga jikin mutum kaɗai ake caji, wanda ba a buɗe ba ya koma kanta.

Akwai kuma ingancin maganin kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin goma na magunguna a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi jabu ne ko marasa inganci. Kano ta yi ƙoƙari a nan: akwai hukumar DMCSA da ke sayowa da rarraba magani ga asibitocin jiha, kuma a 2024 aka tashi dillalan magani daga Sabon Gari zuwa kasuwar da aka keɓe musu a Dangwauro domin NAFDAC da hukumar masu harhaɗa magunguna su iya sa ido. Amma duk wannan tsaro yana warwarewa a bakin ƙofar asibiti idan mai jinya ne zai sayo allura daga inda babu wanda ya san yadda aka adana ta.

Masu suka suna da hujjoji, kuma ba na wasa ba ne. Na farko, ma'aikata. Tsarin yana ƙara wa ɗakin magani aiki, ƙwararrun masu harhaɗa magunguna kuwa sun taru a birni. Gaskiya ne, amma aikin da ma ana yinsa, nas ce ke ɗauke da shi a kan nata. Mataimakan ɗakin magani da makarantun fasahar kiwon lafiya ke yayewa za su iya shirya ƙunshi, ƙwararre ɗaya ya duba ya sa hannu. Na biyu, ana cewa sai da kwamfuta da injin naɗe magani da wutar da ba ta ɗaukewa. Waɗanda suka fara tsarin a shekarun 1960 da takarda da akwati suka fara. Yau ma an samu sauƙi, domin yawancin ƙwayoyi suna zuwa a katin da kowace ƙwaya ke rufe ita kaɗai. Sai dai a kula: in aka yanka kati, suna da ranar lalacewa sukan tafi da ɗaya ɓangaren, don haka dole a rubuta su a ambulan, kuma kada a ɓare ƙwaya a bar ta cikin zafin bazara ko laimar damina. In ba za a kiyaye wannan ba, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

Na uku, gaggawa. Mace mai jijjigar haihuwa da ke buƙatar magnesium sulphate, ko mai zubar jini da ke buƙatar oxytocin, ba za ta jira a buɗe ɗakin magani da safe ba. Tsarin bai taɓa hana ajiye akwatin gaggawa a ɗakin haihuwa ba. Abin da yake so shi ne a ƙidaya abin da ke ciki a kowane sauyin aiki. Na huɗu shi ne mafi nauyi: amana da jari. Mai jinya yana son ganin abin da ya biya a hannunsa, asibiti kuma yana tsoron a sha magani a tafi ba a biya ba, asusun juya kuɗin magani da aka gada daga Shirin Bamako na 1987 ya karye. Mafita ita ce a ajiye kuɗi kaɗan a farko, a riƙa nuna wa mai jinya lissafin kullum a rubuce, a mayar masa da ragowarsa ranar sallama ba tare da ja-in-ja ba. Ga waɗanda ke cikin shirin taimakekeniyar lafiya na KSCHMA, ko asusun kiwon lafiya a matakin farko da Dokar Lafiya ta 2014 ta tanada, wannan lissafin ma kariya ce ga asusun, tunda ba za a biya kuɗin maganin da ba a sha ba.

Sharaɗin da ba a iya tsallakewa shi ne maganin ya kasance a kanta. Ɗakin maganin da amsarsa kullum ita ce "babu" ba shi da abin da zai raba. Saboda haka alhakin yana wuyan Ma'aikatar Lafiya da Hukumar Kula da Asibitoci ta Jihar Kano da DMCSA tare. Ba sai an fara da komai lokaci guda ba. A ɗauki ɗakin yara da ɗakin haihuwa a asibitocin da ke karɓar mutanen Kunci, a zaɓi magungunan da aka fi amfani da su, a tabbatar ba su yanke ba, a gwada tsawon damina guda, a rubuta yawan alluran da aka yi a kan lokaci da kuɗin da aka mayar wa iyalai. Kwamitocin raya lafiya na mazaɓu da masu unguwanni da dagatai su nemi a karanta musu sakamakon a bainar jama'a. In alƙaluman sun nuna amfani, a faɗaɗa zuwa sauran ɗakuna. In sun nuna giɓi, an san inda za a gyara.