Kuɗin Haya da Makaranta: Abin da Ke Zaɓar wa Iyali Unguwa a Birnin Kano

Duk magidancin da ke neman matsuguni a birnin Kano yana auna abubuwa biyu: kuɗin hayar da zai iya biya a shekara, da makarantar da zai sa 'ya'yansa. Sau da yawa abubuwan nan biyu ba sa haɗuwa a unguwa ɗaya.

Birnin Kano da kewayensa ya ƙunshi ƙananan hukumomi 8 daga cikin 44 na jihar, wato Birni, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nasarawa, Ungogo da Kumbotso. Tsofaffin makarantu masu suna, irin su Kwalejin Rumfa da Sakandaren 'Yan Mata ta Dala, suna cikin tsakiyar gari. A nan ne kuma fili ya ƙare, haya ta yi tsada, musamman kusa da kasuwannin Kwari da Sabon Gari, inda ake mayar da gidajen zama shaguna da ɗakunan ajiyar kaya.

Wannan ne ya sa masu ƙaramin ƙarfi da sababbin ma'aurata ke fita bayan gari, zuwa wurare kamar Bachirawa da Rimin Kebe a Ungogo, ko Sheka da Panshekara a Kumbotso. Haya ta fi sauƙi a can, amma yawancin waɗannan unguwanni gonaki ne aka yanka aka sayar ta hanyar awon igiya, ba tare da an ware filin makaranta ba. Firamaren da aka gina domin ƙauye guda sai ta wayi gari da yaran unguwa sukutum.

Dokar Ilimin Bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatun shekara 9 kyauta kuma dole ga kowane yaro. Sai dai idan aji ya cika maƙil, iyaye kan koma makarantar kuɗi, ko su riƙa biyan A Daidaita Sahu kullum zuwa cikin gari. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin abin hawa ya ƙaru ƙwarai, ta yadda rarar da aka samu a haya takan ƙare a hanya. A gidan da abin ya gagara, 'yan mata ne suka fi fuskantar barin karatu, domin iyaye ba sa son su yi doguwar tafiya su kaɗai.

Al'amarin ya shafi mutanen karkara kai tsaye, domin ƙauyen yau shi ne unguwar gobe. Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta sanya filayen da aka ayyana a matsayin birni ƙarƙashin gwamna, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izinin mallakarsu bisa al'ada. Don haka ya kamata shugabannin ƙananan hukumomi, hakimai, dagatai da masu unguwanni su tabbatar an ware filin makaranta tun kafin a fara yanka gonaki, tare da tuntuɓar Hukumar Tsara Birane ta Jiha, KNUPDA. Haka kuma su riƙa sanar da sakataren ilimi na yankinsu yadda jama'a ke ƙaruwa, domin Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jiha, SUBEB, ta san inda ake buƙatar ƙarin ajujuwa da malamai.

Shi kuwa mai niyyar tasowa da iyalinsa zuwa birni, kafin ya biya dillali, ya fara zuwa makarantar da ke kusa ya ga yawan yaran da ke aji. Sannan ya haɗa kuɗin haya da na mota da na makaranta na shekara guda, ya ga ko aljihunsa zai ɗauka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.