Ko Kun Sani? Jirgin Yaƙin Da Bai Taɓa Zuwa Yaƙi Ba

Akwai jirgin yaƙin Birtaniya na katako, HMS Unicorn, da ya haura shekara 200 bai taɓa shiga fagen fama ba. An sa shi a ruwa a Chatham a 1824, an tanadar masa gurbin igwa 46. To amma yaƙin Napoleon ya riga ya ƙare, don haka ba a ma kafa masa turakun ɗaura ƙyallayen iska ba, sai aka yi masa rufi aka ajiye. A 1873 aka ja shi zuwa Dundee ta Sikotland, inda sojojin ruwa na ko-ta-kwana suka yi ta atisaye cikinsa kusan shekara ɗari. Rufin nan ne ya kare katakonsa daga ruɓewa. Yau gidan tarihi ne.