Ba da Suna, Zaɓe da Naɗi: Mene Ne Bambancinsu?

Duk shekara idan aka zo neman shugaban ɗalibai, sai ka ji ana cewa, "An zaɓi wane," alhali kuwa sunansa kawai aka ba malamai. Daga baya in aka ga wani ne ya samu, sai gunaguni ya tashi, abokai su daina ga maciji. Yawancin wannan rigima rashin rarrabe kalmomi ne ke kawo ta.

Mutanen Sin suna da wata kalma wadda ta fayyace wannan al'amari sosai, wato "ti-ming". "Ti" na nufin ɗagawa ko ambatawa, "ming" kuwa suna. Ke nan ma'anarta ita ce a ɗaga sunan mutum don a duba ko ya cancanci wani muƙami ko wata kyauta. Wanda aka yi wa haka bai ci ba tukuna, an dai sa shi cikin waɗanda za a auna. Mu a Hausa mukan ce an ba da sunansa, ko an gabatar da shi. A harkar siyasa kuwa sai mu ce an tsayar da shi.

Bari mu ɗauki misali daga gida. A ƙarshen 1978 jam'iyyar NPN ta tsayar da Alhaji Shehu Shagari. A watan Agusta 1979 jama'a suka zaɓe shi. Ran 1 ga Oktoba aka rantsar da shi ya zama Shugaban Ƙasa. Ka ga matakai uku, kowanne da sunansa.

Haka abin yake a sarauta. Idan Sarkin Musulmi ya rasu, masu zaɓen sarki, irin su Waziri da Magajin Gari da Magajin Rafi da Galadiman Gari, sukan zauna su ba gwamnati sunan wanda suka ga ya dace. Amma tun zuwan Turawa a 1903, ba a yin naɗi sai da yardar hukuma. Da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya rasu a watan Nuwamba 1988, bayan shekara 50 kan gado, labari ya bazu cewa an zaɓi ɗansa Muhammadu Macciɗo. Gari ya ɗauki murna. Bayan 'yan kwanaki sai gwamnatin soja ta ba da sanarwar Alhaji Ibrahim Dasuki. Tarzoma ta ɓarke a Sakkwato, har aka yi asarar rayuka. Macciɗo bai hau gadon ba sai a 1996, ya riƙe har rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a 2006.

To, 'yan'uwana ɗalibai, ba da suna shi ne matakin farko. Zaɓe shi ne a fitar da ɗaya daga cikin waɗanda aka gabatar. Naɗi kuwa shi ne a ɗora masa rawani, ko a danƙa masa aiki a hannu. Wanda aka ba da sunansa kada ya fara sayen alkyabba, domin ba a sayar da kifi a ruwa. Wanda kuma bai samu ba ya yi haƙuri, rabo ba ya wuce ranarsa.

Allah ya ba mu shugabanni nagari, amin.