Rijiya a Sakkwato, Randa a Garu

Kusan duk gidan da ka shiga a Garu, ko wani ƙauye na ƙasar Illela, za ka tarar da randa a inuwa, da moɗa kife a kan murfinta. Amfanin randa kusanci: yaro ya taso da ƙishi, taku uku ya sha. Amma ba ta haifar da ruwa. Daga rijiya yake zuwa, kuma tsakanin su biyun akwai mutum, ko yarinya da tulu a ka, ko ɗan ga-ruwa da kurarsa ta jarkoki. Ranar da wannan mutum ya fasa zuwa, zurfin rijiya ba ya hana gida kwana da ƙishi.

Haka nake ganin al'amarin laburaren makaranta da laburaren gwamnati. Rijiyoyin littafi na jiharmu a birnin Sakkwato suke: laburaren jiha, da reshen laburaren ƙasa, da laburaren Abdullahi Fodiyo na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma Cibiyar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da tsofaffin rubuce-rubucen magabata. Alheri ne babba. Sai dai ɗan shekara 14 da ke Garu, kafin ya isa can sai ya ci fiye da kilomita 80, ya ratsa Gwadabawa da Kware. Birnin Konni, da ke wata ƙasa, ta fi kusa da shi nesa ba kusa ba. Idan kuwa yarinya ce, maganar ma ba ta taso ba, don babu uban da zai sa 'yarsa a mota zuwa birni aron littafi.

Abin da ya rage musu shi ne randa. A makarantun karkara da yawa, laburare kabad ne guda a ofishin shugaban makaranta, da littattafan da aka kawo sau ɗaya shekaru da suka wuce. Yawanci na darasi ne. Ana kulle su don tsoron ɓata, gara kuma ba ruwanta da kwaɗo. Inda aka yi sa'a aka buɗe, yaro mai son karatu zai cinye duk abin da ke ciki a zango ɗaya, ya koma yana zagaya littafi guda har ya gundure shi. Ruwan da ya kwana biyu a randa ba a sabunta ba, kowa ya san yadda yake komawa.

Damuwata ta fi yawa a kan matasa saboda an yi ƙoƙari a kan ƙananan yara. Daga 2015, shirin da ya kawo littattafan Mu Karanta a jihohin Sakkwato da Bauchi ya dage wajen koya wa 'yan aji ɗaya zuwa uku haɗa baƙi da wasali cikin Hausa. To, yaron da ya koyi haɗa harafi ya shiga ƙaramar sakandare, me zai karanta? Abin da malam ya rubuta a allo, ya kwafa, ya haddace. Karatu kuwa sai da maimaici yake zama a jiki. Shekara shida a haka, ranar jarrabawar WAEC ko NECO sai ka ga lokaci ya ƙare masa yana kokawa da fahimtar tambaya, alhali yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa da ke iya lissafin canjin naira da sefa a ka.

Ɗan ga-ruwan nan da muke nema ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ba ta jira matan ƙauye su iya zuwa wurinta duka ba. Ta naɗa jajis, dattijan mata masu ilimi, suna karɓar karatu a wurinta suna kai wa 'yan taru a garuruwansu, su dawo su ƙaro. A shekarun 1950 kuma, laburaren Jihar Arewa da ke Kaduna yana aika akwatunan littattafai zuwa makarantu da ɗakunan karatu na En'e, a karanta a mayar, a aiko wasu. An yi wannan a zamanin da hanyar mota ta fi ta yau wuya.

Yau motocin haya kullum suna kai da kawo tsakanin Sakkwato da Illela, ɗauke da albasa da dabbobi da saƙonnin jama'a. Akwatin ƙarfe mai littafi ɗari ba zai gagare su ba. Ma'aikacin laburaren jiha ya zaɓi littattafai, ya koya wa malami ɗaya a kowace makaranta yadda ake riƙe rajistar aro. Ƙarshen zango, akwatin Garu ya wuce Kalmalo, na Kalmalo ya tafi Araba, na Araba ya nufi Gidan Hamma. Da littattafan da za a saya wa makaranta ɗaya, huɗu sun sha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kuɗi don ilimin shekara tara na farko, kuma abin da akwatunan nan za su ci bai kai kuɗin ginin aji guda ba. Gini ne dai ake iya yanka masa kirtani a ɗauki hoto, shi ya sa ya fi farin jini a wurin masu rabon kasafi.

Abin da za a zuba a akwatin shi ne inda za a yi gardama. Ni dai ina goyon bayan a cika shi da abin da matashi zai ɗauka da kansa ba da bulala ba: Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Ganɗoki na Bello Kagara, littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa, labarai cikin sauƙaƙan Turanci, da na noma da kiwo da lafiya da tarihin Daular Usmaniyya. Wasu malamai suna ƙyamar littattafan soyayya, kuma akwai na ƙyama a cikinsu. Aikin ma'aikacin laburare ke nan, ya tace. Amma kada mu manta, shagunan hayar littafi a garuruwan Hausa sun daɗe da nuna cewa 'yan mata suna cire kuɗin kashewarsu su biya don su karanta, yanzu kuma suna bin labaran a WhatsApp. Ƙishin yana nan.

Laburaren jiha ma zai ci riba, domin rijiyar da ake ɗiba ita ce ruwanta ke zama garau. Rajistar da malamin Garu zai mayar za ta nuna wane littafi ya tsufa a hannun yara, wane ne ba a taɓa ba, sayayyar baɗi kuma ta bi wannan.

Saura batun ɓata. Littattafai za su ɓace, wasu ruwan damina zai jiƙa su, wasu ƙane zai yaga. A sa wannan cikin lissafi tun farko, kwamitin iyaye da malamai ya tsara yadda za a riƙa maye gurbinsu, kada a ɗora wa malami ɗaya biya daga albashinsa, domin ranar da aka yi haka zai koma ga kwaɗo. A kuma bar yara su tafi da su gida, musamman a dogon hutu, inda yayar da aka cire daga makaranta da amaryar da ke cikin ɗaki za su samu su karanta kafin a mayar.