Gam a Cikin Tsakuwar Dogo

Duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu ya ga tsakuwar nan mai kaifi da aka jibge ƙarƙashin ƙarfen dogo, tsawon kilomita 186, ko da bai kula da ita ba. Babu siminti a cikinta, babu kwalta. Zuba ta aka yi, aka daddale, shi ke nan. Amma ita ke ɗauke da jirgin da duk abin da ke cikinsa.

Dutse ne mai tauri ake farfasawa, kowace ƙwaya tsakanin santimita 3 zuwa 6, a shimfiɗa shi da kaurin kamar santimita 30 ƙarƙashin gungumen kankaren da ƙarfe ke kwance a kai. Tsakuwar rafi mai sulɓi ba ta wannan aiki, domin gangarewa za ta yi. Ana son mai gefuna, wadda za ta cije 'yar'uwarta idan nauyi ya danno. Ruwan sama kuma yana bi ta kafofin da ke tsakani ya wuce. In dogo ya lotsa a wani wuri, sai a kawo injin gyara ya ɗaga ƙarfen, ya soka haƙoransa yana girgizawa, ya cusa tsakuwa a ƙarƙashi har layi ya daidaita. Kasancewarta a sake shi ne rabin amfaninta.

Shi ne kuma rauninta. Kowane jirgi da ya wuce yana goga duwatsun da juna, gefuna su cinye, gari ya taru ya toshe kafofi. Da damina garin ya zama taɓo, har a ga yana tsartuwa daga ƙarƙashin gungume idan ƙafar jirgi ta taka. Injin gyaran ma ba ya barin ta lafiya, duk zuwansa sai ya farfasa wasu.

Akwai wuraren da wannan ciwo ya fi ci. Babba a cikinsu shi ne bakin gada. A kan gada dogo na zaune bisa kankare da ba ya motsi, taku kaɗan daga nan kuwa yana bisa tsakuwa da ƙasa masu lotsawa. Sai wani ɗan tudu ya samu, jirgi ya riƙa dukan wurin kamar taɓarya a turmi, dukan ya ƙara lotsawar, lotsawar ta ƙara dukan. Haka abin yake a bakin ramin da jirgi ke ratsa dutse, da mahaɗar dogo inda ake sauya wa jirgi hanya, da inda titin mota ya tsallaka layi. A gyara yau, bayan 'yan watanni a dawo.

Don irin waɗannan wurare ne injiniyoyi suka koma ga gam. Ba ƙaron bishiya ba ne irin wanda ake tsinta a dazukan Yobe da Borno, na masana'anta ne, mafi yawa daga dangin sinadarin foliyuritan, wanda Otto Bayer ya ƙirƙiro a Jamus a 1937. Mai karatu ya san shi ko bai san sunansa ba, da shi ake yin soson katifa. Ruwa biyu ne ake ajiye su daban, sai a bakin bututun feshi suke haɗuwa. A zuba a kan tsakuwa, ya gangara cikin kafofi, ya lulluɓe duwatsun, ya daskare a daidai inda ɗaya ta taɓa ɗaya. Kamar kantun riɗi ke nan, sai dai a nan ba a son gam ɗin ya cike ko'ina. Ana auna shi ne yadda yawancin kafofin za su zauna a buɗe don ruwa ya samu hanya. Bayan ya kama, shimfiɗar takan ɗan lotsa ƙarƙashin nauyi ta dawo, ba ta tsagewa irin ta siminti.

A Birtaniya, jami'ar Heriot-Watt da ke Edinbara ta yi fice a wannan bincike, kuma tun farkon shekarun 2000 ake amfani da dabarar da aka samar a can, mai suna XiTRACK, a mahaɗu da bakin gadoji. A Jamus sukan fesa gam a kafaɗar tsakuwa idan za a yi haƙa kusa da layin da jirage ke bi, don kada gefen ya zube cikin rami. A layukan jirage masu gudun kilomita 300 a awa kuwa matsalar daban ce: iskar jirgin, ko ƙanƙarar da ke faɗowa daga ƙarƙashinsa lokacin sanyi, tana tsinto duwatsu ta yi jifa da su. Nan saman kawai ake ɗaurewa.

To me ya hana a malale layi duka da gam a huta? Kuɗi na farko, domin sinadarin na da tsada. Na biyu ya fi nauyi a ganina: tsakuwar da aka ɗaure ta daina karɓar gyaran injin. Idan ƙasar da ke can ƙasa ta lotsa, sai an farfasa dunƙulen kafin a daidaita layi. Wanda ya zuba gam a kan magudanar da ta toshe ya rufe ƙurji ne da bandeji.

A harkar titi labarin tsoho ne. Ita kanta kwalta gam ce da ke riƙe tsakuwa, sunanta ma aro ne daga yadda Turawa ke kiran baƙin man da ake tatsowa daga kwal. Sabon abu shi ne gam garai-garai da ake cuɗa ƙananan tsakuwa da shi, a shafe farfajiya ko hanyar ƙafa da kaurin da bai kai santimita 2 ba, ruwa na ratsawa. Ya samu kasuwa a Ingila bayan dokar 2008, wadda ta ce sai da izini za a rufe gaban gida fiye da murabba'in mita 5 da daɓen da ba ya shan ruwa. Ba a yin babbar hanyar tirela da shi. Abin da ake sa wa manyan tituna wani ne: gam mai ƙarfi da ake barbaɗa masa ƙonannen dutsen boksait a kwana mai hatsari, don taya ta kama.

Duk inda za a yi aikin, sharaɗin farko shi ne dutse ya zama wankakke kuma busasshe. Gam ba ya kama ƙura, ɗaya daga cikin ruwan biyun kuma in ya haɗu da laima kumfa yake yi, ɗaurin ya yi rauni. Tururinsa na jawo asma, dole ma'aikaci ya rufe hanci da jiki. Ɗan kwangilar da zai gwada shi a bakin wata gada tsakanin Kaduna da Abuja sai ya kauce wa ruwan Agusta, ya kuma wanke ƙurar hunturu daga tsakuwar, ya jira ta bushe, kafin ya buɗe bututu.