Sikanin a Fagge da Sabon Gari: amsa-kuwwar da ke leƙa cikin jiki

Wanda ya bi Titin Faransa a Sabon Gari, ko ya ratsa lungunan Fagge, da wuya ya yi nisa bai ga allon da ke tallar sikanin ba. A da sai manyan asibitoci irin na Murtala. Yau har ƙananan asibitocin kuɗi da ɗakunan gwaji sun mallaki na'urar.

Abin da ke cikinta darasin fiziks ne na ɗan sakandare. Kunnen mutum ba ya jin sautin da ya haura girgiza 20,000 a daƙiƙa, na'urar kuwa miliyoyi take fitarwa. A kan sandar da ake gogawa a ciki akwai wasu ƙwayoyi da ke karkarwa idan lantarki ya shige su, ɗabi'ar da 'yan'uwa biyu, Pierre da Jacques Curie, suka tabbatar a 1881. Sautin na ratsa tsoka da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya daki ƙashi ko kan ɗan tayi ya dawo, yadda jemage ke lalubo hanya da dare. Idan ya dawo bayan daƙiƙa 0.0001, to abin yana zurfin santimita 7.7, domin tafiyar zuwa da dawowa ce. Man nan mai sanyi da ake shafawa, iska yake kora, don iska na mayar da kusan dukan sautin.

Me ya yawaita na'urar? Na'urorin sun ƙanƙance, sun yi araha, ba su da hasken eksire mai illa, layin asibitin gwamnati kuma dogo ne. Ga kuma ɗokin sanin ko namiji ne ko mace.

Amfanin babba ne: ana gane tagwaye, da ɗan da ya kwanta a gicciye, da mabiyiyar da ta tare bakin mahaifa, tun kafin naƙuda. Shi ya sa a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi sikanin sau ɗaya kafin ciki ya kai mako 24.

Amma hoton baƙi-da-fari ne, sai ƙwararren ido ke karanta shi. Inda mai riƙe da sandar bai samu horo ba, takardar sakamako na iya kwantar wa mace hankali alhali akwai haɗari, har ta daina zuwa awo. Injuna sun riga ƙwararru yawa, kuma wannan abin damuwa ne. Ɗalibin Fagge da ke son cike giɓin, Jami'ar Bayero na koyar da ilimin hoton asibiti. Ya dage da fiziks tun yanzu.