Gwanin dara da ido yake gani ko da kai?

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon dara a gindin bishiya a Gusau ko Tsafe ko Bungudu ya san yadda abin yake: ramuka 30 a ƙasa, wannan da tsinkaye 12, wancan da tsakuwa 12, kowa na neman jera uku ya ci ɗan abokin wasansa. Wata rana a Tsafe muna kallo sai akuya ta ratsa ta watsa wasan. Mun ɗauka shi ke nan, amma dattawan nan biyu suka mayar da kowane ɗa raminsa ba tare da gardama ba. Tun ranar muke tambayar kanmu: ina wasan yake zaune, a ƙasa ko a ka?

Masu ces, wato darar Turawa mai gidaje 64 da 'ya'ya 32, sun daɗe da gwada wannan. Gwani yakan juya wa allon baya, a riƙa faɗa masa motsin abokin karawa da baki, shi ma ya faɗi nasa. A 1947, a birnin Sao Paulo na Brazil, Miguel Najdorf ya kara da mutum 45 a lokaci guda a haka. Ya ci 39, ya yi canjaras 4, aka cinye shi a 2. Ɗan ƙasar Poland ne da yaƙin duniya na biyu ya rutsa da shi a Ajantina a 1939, kuma ya rungumi irin wannan wasa da fatan labarinsa zai kai ga danginsa ta jaridu. Matarsa da 'yarsa da iyayensa duk sun rasu a yaƙin.

To, hoton alluna 45 ne a kansa? Wani masanin halayyar ɗan'adam a Faransa, Alfred Binet, ya bincika gwanayen wannan wasa a 1894. Ya gano cewa yawancinsu ba sa ganin launi ko siffar 'ya'yan dalla-dalla. Abin da suke riƙewa shi ne wa ke tsare wa, wa ke barazana ga wa.

A 1973 wasu masana biyu a Amurka, William Chase da Herbert Simon, suka nuna wa 'yan wasa allo na daƙiƙa 5, suka rufe, suka ce a sake jera shi. In jerin daga wasa na gaske ne, gwani yakan tuna mafi yawan 'ya'yan, ɗan koyo kuwa 'yan kaɗan. Amma da aka zuba su barkatai, gwanin bai fi ɗan koyo da wani abin kirki ba. Ashe ba kaifin ido ba ne, sabo ne da tsarin da ya gani sau dubbai. Duk da haka allon na da amfaninsa.

Ƙannenmu masu shirin WAEC da NECO, nan batun ya shafe ku. Mu ma mun yi haddar dare ɗaya, muka shiga ɗakin jarrabawa, aka ɗan juya tambaya, komai ya watse. Mun haddace 'ya'ya ne barkatai, ba mu san abin da ya haɗa su ba.

Ku gwada wannan yau: bayan kun karanta darasi, ku rufe littafin, ku bayyana wa aboki yadda wannan ya jawo wancan. Inda kuka tsaya cak, nan za ku koma. In kuma kun bi ta wurin 'yan dara, ku kalli wasan na daƙiƙa 5, ku juya baya, ku zana shi a ƙasa. Ku sake gwadawa bayan wata guda kuna bugawa, ku ƙirga bambancin.